Sunan da Ba a Goge Ba

Akwai wata budurwa a wata ikkilisiyar ƙauye wadda ta koyi rubuta manhajar kwamfuta. Da damina ta kusa, aka kawo irin shuka domin raba wa manoma, sai dattawa suka ce ta aika wa kowa saƙo a waya ya zo ya karɓa ran Asabar.

Ta zauna ta jera sunayen a tsarin da masu sana'ar suke kira ƙamus: kowane suna da lambar wayarsa a gefe, waƙafi kuma yana raba mutum da mutum. Da ta gama, kwamfuta ta ƙi aikin. Ta ce akwai kuskure a layi na talatin da ɗaya. Layin nan kuwa na Baba Dogara ne, wani tsoho mai gona a bayan rafi, wanda ba kowa yake tunawa da shi ba.

Shugaban dattawa ya leƙa ya ce, “Yarinya, goge shi kawai. Mutum ɗaya zai tsare mu duka?”

Ta ce, “Baba, in na goge shi, ba zai ji labari ba. Bana ba zai yi shuka ba ke nan.”

Ta karanta layin tsohon har sau uku, ba ta ga aibu ba. Sai ta ɗaga ido zuwa layin da yake bisansa. Ga shi kuwa, a nan ne ta manta waƙafi, a ƙarshen layin shugaban da kansa. Ta sa shi, saƙo ya tafi wa kowa.

Ran Asabar tsohon ya haye rafi da buhunsa. Mahaifin budurwar ya yini yana nuna ta ga mutane yana cewa, “Tawa ce!” Ni ma ban ga laifinsa ba, da ni ne da na fi shi baki.

Ma'anar misalin nan ita ce: kwamfuta takan nuna inda ta yi tuntuɓe, amma sau da yawa dutsen yana baya. Haka muke yi a gida da ikkilisiya. Abu ya lalace, sai mu nuna marar ƙarfi, mu ce a cire shi a huta. Ubangiji bai goge sunanka ba ranar da aka nuna ka da yatsa. Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka goge na wani, duba layin da yake sama. Watakila naka ne.