La'adar Ɗakin da Ba a Shiga Ba

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da ake ciniki da fam da sule, wanda ya farka cikin dare ya ji agogo yana bugawa a inda babu agogo. Ku gyara zama, jama'a, ku saurara.

Bayan gidan da yake haya akwai wani kango, ginin ƙasa da aka kai tsayin mutum aka bari ba rufi. Mai shi ya rasu, magada suna ta ja-in-ja. Ba mai kwana ciki sai awaki da ƙadangaru. To daga cikin kangon nan ƙarar ta fito, irin ta agogon bango mai lilo. Ya ƙirga, ta buga goma sha biyu. Ta yi shiru kamar mai tunani, sannan ta ƙara ɗaya.

Ya yunƙura zai tashi, matarsa Hansai ta riƙe masa riga.

"Kwanta, Malam. Duk mai buga agogo a kango ba tsaranka ba ne."

Ya koma ya kwanta, amma barci bai dawo ba.

Sunan wannan bawan Allah Nomau, sana'arsa dillancin gidaje. Yana da tsohon keke guda da tarin makullai a igiya, makullan ɗakunan mutane, ba ko ɗaya nasa. Ni dai abin nan ya daɗe yana ba ni mamaki, yadda mutum zai yini yana buɗe wa jama'a ƙofofi alhali shi ba shi da ko taga. To haka Allah ya yi shi.

Dillalan garin suna da rumfa a bakin kasuwa, kuma suna da al'ada. Ɗaki ba mutum ɗaya ke samo shi ba. Wani ne zai ji an kwashe kaya, wani ne ya san mai gidan, wani kuma ya kawo mai nema. In an biya la'ada, nan take ake raba ta kafin la'asar, kowa ya sa tasa a aljihu. Suna da wata magana a rumfar, wai la'ada ruwan sama ce, in ta sauka ba ta komawa.

Da aka idar da sallar asuba, Nomau ya zagaya ya leƙa kangon. Sai ga agogo jingine da bango a kan dutse, ya karkace. Ga tukwane, ga akwatin ƙarfe, ga gado an kafa shi a fili. A kan gadon wata tsohuwa ce kwance cikin bargo, tana tari. Kusa da ita wani dattijo yana hura wuta. Nomau ya gane shi.

Malam Sallau ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, mai kaɗa tuta a tasha. Kwana biyar da suka wuce shi da kansa Nomau ya kai shi ya ga ɗaki, ya karɓi la'ada fam uku daga hannunsa, ya miƙa masa makulli. Daga nan ya tafi ƙauye ta'aziyya, jiya ya dawo.

"Baba, me ya kawo ku nan? Ina ɗakin?"

Dattijon bai ɗaga kai daga wutar ba.

"Ɗaki yana nan inda ka bar shi, Malam Nomau. Mu ne ba mu shiga ba."

Ya ba shi labari a hankali, ba faɗa, ba ɗaga murya. An sayar da gidan da suke ciki, shi ya sa suka nemi wani. Sun ɗora kaya a amalanke sun isa ƙofar sabon gidan. Ana sauko da matarsa Laraba sai tari ya kama ta. Mai gidan yana tsaye a zaure, ya saurara, ya saurara, ya ce shi yana da jikoki a gidan. Ya shiga ya fito da kuɗin haya ya mayar cif. La'ada kuwa, ya ce su nemi wanda suka ba.

"Na je rumfarku. Aka ce ba ka nan, kuma ko kana nan duk ɗaya ne."

"Agogon fa, Baba? Ya hana unguwa barci."

"Ku yi haƙuri. Kyautar barin aiki ce. Ita ce ba ta barci in ba ta ji shi ba. Tun da muka ajiye shi a ƙasa yake ƙarin ɗaya, agogon bango ba ya son ƙasa."

Akwai wani ɗaki a bayan tasha, in ji Sallau, na wata tsohuwa da ba ta tsoron tari. Kuɗin haya suna hannunsa. Amma dillalin wancan gefen ya ce sai an ba shi tasa la'adar, fam uku, zuwa Jumma'a, in ba haka ba ya ba wani. Ranar kuwa Talata ce. Nomau ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya ga hadari ya fara haɗuwa.

Ku lura, jama'a. Sallau bai ce masa ka biya ni ba. Ya san al'ada. Da Nomau ya ce Allah ya kyauta ya juya, ba mahalukin da zai zarge shi.

Ya fara zuwa wurin mai gidan da shi kansa yake haya, ya roƙa a bar tsofaffin su raɓe a zaure. Mai gidan ya ce ai shi ma ya ji tarin ta katanga. Sai Nomau ya hau keke ya nufi rumfa.

Mutum biyu suka ci la'adar nan tare da shi: Maikano, babban rumfar, da wani Ɗan'azumi mai bakin barkwanci. Kowa fam guda. Ya gaishe su, ya tsuguna, ya faɗi abin da ya gani a kango.

Maikano ya ɓare goro ya jefa a baki.

"Allah ya ba ta lafiya. Sai me?"

"Sai mu mayar masa da kuɗinsa, Yaya."

Ɗan'azumi ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi.

"Ku matsa, waliyyi ya iso! Nomau, nawa fam ɗin yana cikin tumbin amaryata, ta ci kaza da shi. In je in ce ta amayar?"

Nomau bai kula shi ba, ya dubi Maikano.

"An biya mu ne don mutum ya kwana a ɗaki. Bai kwana ba."

"A'a. An biya mu ne don mu nuna ƙofa. Mun nuna ko ba mu nuna ba?"

"Mun nuna."

"To mu muka sa mata tari?"

"Ba mu ba ne. Amma hannuna ne ya karɓa, Yaya. Idona ya kalla lokacin da yake kwance bakin zanen da ya ƙulle kuɗin."

Maikano ya tofar da tuƙar goro gefe, murmushin ya bar fuskarsa.

"Ka ji ni da kyau, ƙanena. Shekara talatin ina rumfar nan, ban taɓa ganin la'ada ta koma ba. Ranar da ka mayar da ɗaya, duk wanda ciniki ya taɓa ɓace masa a garin nan zai zo ya tsaya mana a ka. Kai kana da 'ya'ya, mu ma muna da su. Kada ka ɓata mana sana'a."

Nomau ya tashi ya koma gida. Nasa fam ɗin tuni ya zama buhun gero, har an fara ci. Ya tsaya a kan buhun yana kallonsa. Hansai ta dube shi ta gane sayarwa zai yi.

"Geron da yara suka ci tuwonsa jiya?"

"Shi."

"Su da suka ci biyu suna zaune a inuwa, kai da ka ci ɗaya za ka biya uku?"

"Hansai, kin ji tarin nan daga ɗakinmu. In muka ci geron nan da damina, ruwa yana zuba a kanta, zai wuce miki maƙogwaro?"

Ta yi kuka, ta yi mita, ta ce shi dai haka Allah ya yi shi, wahalalle. Sannan ta ɗebi mudu biyu ta zuba a ƙwarya don yara, ta kama masa buhun suka ɗora a keke. Ya sayar da hasara, don wanda ya kai kaya kasuwa da gaggawa a fuskarsa ake gani.

Saura fam biyu da 'yan suloli. Ranakun Laraba da Alhamis ya yi ta yawo wurin waɗanda yake ganin za su ranta masa. Wannan ya ce sai kaka, wancan ya ce da jiya ka zo. Ranar Alhamis da yamma iska ta taso, ruwan farko ya sauko. Nomau ya fizgi tabarmar ɗakinsa ya ruga kango. Shi ya riƙe gefe, Sallau ya riƙe gefe, suka tsaya a kan gadon kamar turaku biyu. Ruwa yana bin hannuwansu yana shiga hammata. Tsohuwar tana ƙasa tana rawar ɗari, tana cewa, "Sannunku, sannunku," kamar ita ce ta yi musu laifi.

Da gari ya waye ya tura kekensa wurin mai gyaran kekuna ya jinginar, wata biyu. Ku da ba ku yi zamanin ba, ku sani keken dillali shi ne ƙafarsa, shi ne kunnensa. Wanda ya riga isa shi ke da ɗaki.

Kafin a tafi masallaci ya zo ya durƙusa gaban Sallau ya ajiye fam uku. Dattijon ya daɗe yana kallon kuɗin bai taɓa ba.

"Su sauran sun bayar?"

"Kuɗinka ne, Baba. Ka ɗauka mu tafi, kada a ba wani."

"Ina kekenka?"

"Yana wurin gyara."

Sallau ya ɗauki kuɗin. Nomau da kansa ya ja amalanken har bayan tasha.

Laraba ta yi kwana goma sha ɗaya a ɗakin nan, Allah ya karɓi abarsa. Da Nomau ya je gaisuwa, Sallau ya kama hannunsa ya ƙi saki.

"Kullum kwance take tana kallon rufi, tana ƙirga azara. Ta ce mini goma sha bakwai ne. An yi mata wanka a ɗaki, Malam Nomau, an rufe ƙofa. Ba a gaban awaki ba."

Na ga waɗansunku kuna jira in ce daga nan Nomau ya tsinci tukunyar zinariya. Bai tsinta ba. Labari ya bazu, wani mutum da aka taɓa cinye wa la'ada ya zo rumfa ya yi ta hayaniya yana kiran sunan Nomau. Maikano ya ce daga ranar kada wanda ya ƙara gaya masa labarin ɗaki. Ba a kore shi ba, ku gane. In ya zo ana amsa sallamarsa, sai kowa ya yi shiru har ya tashi. Wata biyu suka cika bai fanshi keke ba, aka sayar. Makullan igiyarsa suka yi ta raguwa ɗaya bayan ɗaya. Ya koma dako a kasuwar hatsi, ciwon ƙirji ya kama shi, bayan shekara uku ya rasu a ɗakin haya.

An ce wani ya taɓa tambayarsa ko ya yi nadama. Ya ce keken dai yana kewarsa, musamman in ya ga hawa.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma na ji malamai suna cewa dukiyar mutum ba ta halatta gare ka sai da yardar zuciyarsa. Al'ada ba ta wanke haram. Don kowa yana yi, wannan bai sa ya zama naka ba. In ka karɓi kuɗin mutum don biyan wata buƙata, buƙatar ba ta biya ba, to kuɗin nan baƙo ne a aljihunka, ka raka shi gida. A cikinku akwai dillalai, ina ganinku. Akwai masu karɓar kuɗin ganin ɗaki, su kai mutum gida biyar da suka san an riga an kama. Akwai masu gidaje da sai an sauke kaya a ƙofa suke tuna suna da sharaɗi. Kuna cewa ai haka ake yi. Ranar da za a tsayar da kai, ba rumfa za a tsayar ba, kai kaɗai ne. Kuma kada ka yi gaskiya don kana jiran duniya ta biya ka. Sau da yawa ba ta biya. Mai biya yana nan, ba ya mantuwa.

Mu kuma da muke kallo, mu ji tsoron Allah game da masu gaskiyar da ke cikinmu. Mukan yabe su da baki mu bar su da yunwa.

Ranar sadakar ukun Nomau an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan da yake haya. 'Yan rumfa sun zo, har da Maikano, ya yi addu'a mai tsawo. Kowa ya riga ya ji cewa mai gidan ya aika wa Hansai, in ta fita takaba yana son ɗakinsa. Sai wata maƙwabciyarsu, Inna Tabawa, tsohuwar da ba ta jin kunyar maza, ta fito da kwanon gumba ta dire a tsakiyarsu. Ta dafa ƙugu ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Har aka shafa fatiha aka watse, ba wanda ya amsa mata abin da ta tambaya. Cewa ta yi:

"To ku masu makullai, ita Hansai da yaran nan, wa zai nema musu ɗaki?"