Motar Da Hajjo Ta Jira

Akwai wani direba a Riyadh mai suna Maikuɗi. Sunan ne kawai, jama'a. Duk abin da ya mallaka wata tsohuwar ƙaramar bas ce mai giyar otomatik, wadda yake ɗaukar kayan gwari da ita daga kasuwar Aziziya. Amma in ka ji shi a waya da mutanen gida, sai ka rantse rabin Riyadh nasa ne.

Da ya samo wa mahaifiyarsa Hajjo bizar ziyara, ya shelanta wa dangi cewa a motarsa zai kai ta Makka ta yi Umara. Tsohuwa ta sauka da sabon farin hijabi a jaka, da wani tari da ya daɗe yana cin ta.

Makon da ta iso, giya ta fara tsiya. In ya sa ta gaba, sai motar ta yi jim, sannan ta shure shi. A kan titi injin ya yi ta ƙugi, gudu kuwa babu.

Ya kai motar warsha, wato garejin abokinsa Nu'uman, bakanike. Nu'uman ya zaro sandar awon man giya ya shinshina. Man ya yi baƙi ƙirin, yana warin ƙuna. Ya ce faya-fayan cikin giyar sun cinye, sai an sauke giyar gaba ɗaya, kuma aikin zai ja lokaci.

"Ka ɗauki Inna ku bi bas ɗin Umara ranar Alhamis," in ji shi. "Mota ba za ta gudu ba."

"Uwata a bas ɗin haya, bayan abin da na gaya wa mutanen gida? Lallaɓa ta za mu yi."

Ka san halinmu da lallaɓa mota. Aka canza mai da filta, ta yi kwana biyu lafiya, sai ribas ya ƙi shiga. Aka ce sansa ce, wata 'yar na'urar lantarki ta giya, ya sayo ta hannu a wajen 'yan gwangwan, ita ma ba ta yi ba. Wani ya ce ya zuba mai mai kauri, ya zuba, abin ya ƙara taɓarɓarewa.

Hajjo kuwa jakarta na bakin ƙofa a ɗaure. Ba ta taɓa mita ba, kuma wannan ne ya fi ba ni tausayi. Sau ɗaya kawai ta yi magana, bayan sallar asuba.

"Ɗan nan, ni fa ba mota na zo gani ba. Ko a bayan akori-kura ne, ka kai ni."

Ya ce ta ƙara haƙuri, saura kaɗan. Sai da motar ta mutu murus a tsakiyar titi sannan ya yarda aka sauke giyar.

Motar tana warsha tari ya kayar da Hajjo. Aka kwantar da ita asibiti, likita ya ce ba maganar tafiya. Maikuɗi ya durƙusa gefen gadon yana kuka, yana cewa ya yarda da bas, ya yarda da komai. Ta dafa kansa ta ce Allah bai nufa ba.

Ranar da Nu'uman ya kawo makulli, ranar Hajjo ta cika.

Aka sallace ta bayan la'asar. Maikuɗi ya bi motar gawa a baya zuwa maƙabartar Nasim. Giya na shiga sumul, ko sau ɗaya ba ta shure shi ba. A kujerar gefensa jakar Hajjo ce, hijabin na ciki da ninkinsa.

Darasi: Ajali na Allah ne, amma jinkiri namu ne. Kada "me mutane za su ce" ya hana ka cika wa iyaye burinsu da abin da ke hannunka yau. Mota tana jiran gyara, tsoho ba ya jira. Tura wa duk wanda iyayensa ke raye.