Sarkin Askin Duma

A wani zamani mai nisa, an yi wani Sarki da ke da wanzami ɗaya tak, Sarkin Aska Jatau. Wata rana jaki ya kayar da Jatau, hannun dama ya karye. Maɗori ya ɗaure, ya ce sai bayan kwana arba'in.

Sarki ya ce, "Ranar da aka kwance ɗori zai yi mini aski. In aska ta ja jini ko ɗigo, rawanin ya koma kan Barmo." Barmo kuwa wanzamin kasuwa ne, ya daɗe yana hangen rawanin.

Jatau ya je ya faɗi gaban Waziri. "Allah ya ja zamaninka, hannun da ya kwana arba'in a kara, ina zai tuna aska?"

Waziri ya ce, "Na hagun fa, shi ma ya karye?"

"Subhanallahi! In ɗora wa Sarki hagu a ka?"

"Wa ya ce kan Sarki? Nemo ɗanyen duma, mai gashi-gashin nan. Kullum ka aske goma da hagu."

Haka aka yi. Matarsa Tabawa ke riƙe duman, tana cewa, "Malam, a hankali dai, yatsuna ne nan kusa." Da fari kowane duma sai ya sha yanka. Barmo kan leƙo ya ce, "Sarkin Askin Duma, yau wa ake wa suna?" Kafin wata ya cika, duma na fita sumul.

Ranar alkawari aka kwance ɗori. Jatau ya ɗauki aska da dama, ya aske Sarki tas, ko ƙwarzane babu.

Barmo ya zabura. "Ranka ya daɗe, ha'inci ne! A ɓoye yake kwancewa yana aiki."

Waziri ya sa Jatau ya naɗe hannun riga. Ga na daman ya rame kamar sillen kara, shaidar igiya kwance a fata.

Waziri ya ce, "Wannan bai yi aiki ba. Amma malamin hannuwan nan ɗaya ne, a ka yake zaune. Yana koya wa na hagu, na dama na kwance yana saurare."

Sarki ya bar wa Jatau rawaninsa, ya ce Barmo ya aske duma arba'in da hagu kafin ya sake taka fada. Sannan ya sa aka kawo wa Jatau kyautar riga.

Jatau ya miƙa dama. Sarki ya janye rigar, ya ce, "Ina wanda ya yi wahalar?"

Sai Jatau ya fito da hagu daga baya, ya karɓa da hannu biyu.