Sarawar Kanar Jatau

Da Manjo Jatau ya yi ritaya daga soja, aka ƙara masa muƙamin girmamawa na Kanar, ya dawo gida da shi. A ƙofar gidansa Uwani take suyar waina.

Ya ce mata, "Daga yau duk sanda na wuce ki miƙe ki sara mini, ko ki kwashe tandarki."

"Ranka ya daɗe, wainar za ta ƙone. Kuma ai ka ajiye aiki."

"Aiki na ajiye, muƙami yana nan."

Uwani ta juya waina. "To idan aka sara wa hafsa, yaya yake yi?"

"Dole ya tsaya ya amsa. Wanda bai amsa ba ya zubar da girman muƙaminsa."

Washegari Kanar ya fito da sauri zai tafi ɗaurin aure. Uwani ta riga ta yi shela cewa duk wanda ya sara wa Kanar yana da gyaran waina biyu. Layi ya kai bakin masallaci. Ɗaya bayan ɗaya suke sarawa, yana amsawa, har kafaɗarsa ta riƙe.

"Uwani, ki ce su bari!"

"Ni farar hula, in soke umarnin Kanar? Wace ni!"

Ya dubi agogo, ya dubi layin.

"Na soke! Zauna ki yi suyarki. In na wuce ko kallona kada ki yi."

"An gama, ranka ya daɗe," in ji Uwani, idonta a kan tanda.