Sandar Fatsar da Aka Saya da Araha

Akwai wani mutum a wani gari na bakin kogi, yana zaune shi kaɗai a gidansa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse neman abinci a garuruwa masu nisa. Abokinsa kuma, wanda suka saba zuwa fatsa tare tun suna samari, shi ma Ubangiji ya kira shi. Tun daga lokacin, mutumin nan yakan wuni a bakin ruwa bai buɗe baki ba sai don hamma. Abu guda yake roƙo a addu'arsa kullum: "Ya Ubangiji, ka ba ni wanda zan zauna da shi a bakin kogi. Ko bai iya hira ba, ya dai zauna."

Mutumin kuwa gwanin gwanjo ne. In ma'aikaci zai bar gari ya baza kayansa a ƙofar gida, ko magada sun fito da tarkacen mamaci, kafin a gama shimfiɗa tabarma ya iso. Ɗakinsa cike yake da fitilu marasa kwalba, da rediyon da ba ya magana, da sandunan fatsa jingine a lungu. Ba bukatarsu yake yi ba. Gaskiyar magana, wurin ciniki ne kaɗai yake faɗin abu a amsa masa.

Yana da dokoki biyu da ba ya karyawa. Ta farko, duk abin da ya burge shi sai ya kushe shi, gama in mai kaya ya ga kana so, kuɗi ya hau. Ta biyu, ba ya zama. Yakan ce wanda ya zauna a wurin ciniki ya riga ya saya.

Ana nan, wata Asabar ya ji ana gwanjo a wani gida a ƙarshen gari. Da ya je, ya tarar da wani tsoho zaune a kan benci, 'yarsa kuma tana ta fito da kaya. Daga birni ta zo, tana so ta tafi da mahaifinta, shi kuwa ba ya so. Mutumin yana isowa ya ji tana cewa, "Baba, wa kake da shi a garin nan? Ka nuna mini mutum ɗaya da zai riƙa leƙo ka, in mayar da kayan nan ciki yanzu."

Mutumin bai kula da zancensu ba, domin idonsa ya riga ya sauka a kan wata sandar fatsa. Ta gora ce, doguwa, miƙaƙƙiya. An gasa ta a wuta gaɓa bayan gaɓa har ta yi ja, an shafe ta da man kaɗe, an naɗe mariƙinta da roba tsaf. Ya ɗaga ta, ya ji ba nauyi. Ya girgiza ta, bakinta ya yi rawa ya tsaya cak. Bai taɓa riƙe irinta ba. Nan da nan ya yamutsa fuska.

Tsohon ya ce, "Ɗan'uwa, yadda ka riƙe ta, ka san ruwa. Ina kake zuwa fatsa?"

Ya ce, "Nan da can."

"Kai kaɗai?"

Ya ce, "Wannan gorar ai wuta ta ci ta a gaɓa."

Tsohon ya matsa gefe, ya buga benci da tafin hannu. "Zauna mana, ga wuri."

"A'a, Baba, sauri nake yi."

Ba inda za shi. Gida ne, kuma ba kowa a ciki.

Tsohon ya ce, "Ni idona ne ya rage, ba na ganin ɗaura ƙugiya. Amma na san wani gurbi a bayan duwatsu inda manyan tarwaɗa suke kwanciya. Da akwai mai ɗaura mini, da na nuna masa."

Mutumin ya ce a ransa, wannan tsoho ya iya talla, so yake ya ja ni da daɗin baki. Sai ya ƙara ɗaure fuska ya ce, "Baba, ni sanda na zo saya. Wanda ma ya naɗa wannan mariƙin, a gaya masa ya nemi wata sana'a."

'Yar ta tsaya da kwano a hannu. "Malam, shi ya yi ta da hannunsa. Tun ina yarinya take rataye a ɗakinsa."

"To, a yi haƙuri, amma aiki bai yi ba." Ya taya rabin abin da aka faɗa, ya ajiye sandar, ya juya kamar mai tafiya.

Tsohon ya koma tsakiyar bencinsa. Can ya ce, "Ba shi yadda ya taya. Ki kuma gaya wa mai motar da zai kai mu birni ya zo."

Mutumin ya tafi yana murna a ciki, bai taɓa yin ciniki mai daɗin wannan ba. Da la'asar ya sauka kogi, ya sa tana a ƙugiya, ya jefa. Ba a jima ba wani abu ya ja. Sandar ta lanƙwasa kamar baka, ba ta ko yi ƙara ba, har ya fito da tarwaɗa mai kaurin cinya. Ya tsaya yana haki, yana dariya, yana duban gaɓar kogi sama da ƙasa ko wani ya gani. Ba wanda ya gani. Kifin ya fi ƙarfin cikin mutum ɗaya. Sa'an nan ne maganar tsohon ta dawo masa, da yadda ya buga benci, da abin da 'yar ta faɗa lokacin da yake isowa. Dariyar ta tsaya.

Ya so ya koma a ranar, kunya ta hana shi. Ya sa kifin a baho da ruwa. Kashegari Lahadi, bayan an tashi sujada a coci, ya ɗauka ya nufi ƙarshen gari, yana ta shirya abin da zai faɗa: Baba, ƙarya na yi, ba a taɓa yin sanda kamar taka ba, ni zan riƙa ɗaura maka ƙugiya.

Ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Ko bencin babu.

Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Sun tafi tun da safe. Tsohon har aka sa shi a mota yana waiwayen hanyar kogi."

"Wane gari? Wace unguwa?"

"Birni dai, ban san unguwar ba. Kai wane ne a wurinsa, in 'yar ta bugo waya in faɗa mata?"

Mutumin ya daɗe tsaye da baho a hannu. Da ƙyar ya ce, "Wanda ya sayi sandarsa."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'ya'yana da 'yan'uwana: mutumin nan ya yi addu'a, Ubangiji kuwa ya ji. Tsohon da ke kan benci shi ne amsar. Sai dai amsar ta zo masa a wurin ciniki, shi kuma ya karɓe ta da bakin ciniki. Sandar ita ce abin duniya da idonmu yake fara sauka a kai. Bencin kuwa shi ne wurin da Allah yake buɗe mana kusa da wani mutum. Ba kullum yake zama a buɗe ba.

Kushe a kasuwa, to, kowa ya san wasan. Abin da yake ba ni tsoro shi ne baki ba ya sanin an tashi kasuwa. Ya bi mu gida, ya bi mu coci. Yaro ya kawo abin da ya yi da hannunsa, mu fara da inda ya karkace. Wata ta yi mana alheri, mu ƙi nuna mun ji daɗi, kada a ce mun cika bukata. Muna tsoron a gane muna son mutane, sai mu yi ta tsayuwa, mu ƙi zama, mu koma gida mu yi kukan kaɗaici a gaban Ubangiji.

Ina da ɗa a wani gari mai nisa. Kullum ina roƙo Allah ya haɗa shi da mutumin kirki, amma na fi roƙo ya ba shi idon gane mutumin in ya zo. Ku ma haka nake roƙa muku. Yau in an tashi, kada ku yi saurin fita. Ku duba wanda ya zauna shi kaɗai a ƙarshen layi. In kun ga abu mai kyau a wurin wani, ku faɗa masa tun yana nan yana ji. In kuma wani ya matsa ya ce muku ga wuri, ku zauna. Ubangiji ya taimake mu. Amin.