Wayar Da Ya Ɗaura Wa Ɗakin Uwarsa

An yi wani mutum, mai gyaran wutar lantarki, gwani ne na gaske. Shi ya haɗa wutar gidansu da hannunsa. Kowane ɗaki ya sa masa ƙaramin fiyus, a bakin zaure kuma babbar bireka ta gida duka. Ya san ƙa'ida sarai: idan waya ta samu matsala, ƙaramin ne zai fara ƙonewa ya yanke wutar ɗakin. Babbar ba ta motsi sai abu ya yi yawa.

Mahaifiyarsa tsohuwa ce, tana ɗakin baya ita kaɗai, ƙafafunta sun ƙi. Kusan kullum fiyus ɗin ɗakinta sai ya ƙone, sai ta kira shi a waya: "Ɗan nan, wutata ta tafi."

Ya 'yan uwa, fiyus yana ƙonewa haka kawai? Shi ma ya san a'a. Wayar butar lantarkin da take ɗumama ruwan alwala da ita ce ta tsufa. Amma ya ƙosa da kiran. Zama ya bincika na nufin ya jima a ɗakin, ta yi ta ba shi labaran da ya ji sau ɗari. Sai ya cire fiyus, ya ɗaura jan ƙarfe mai kauri a gurbinsa.

"Shi ke nan, Mama, ba za ta ƙara tafiya ba."

Ta sa masa albarka.

Wata rana da hantsi, yana wurin aiki, wayar butar ta yi zafi har wuta ta kama labule. Jan ƙarfen bai yanke ba. Birekar zaure ba ta faɗi ba sai da hayaƙi ya cika ɗakin. Maƙwabta sun fasa ƙofa, amma sun makara.

A zaman makoki kowa ya ce ƙaddara. Ƙanwarsa tana kuka ta ce, "Yaya, kai dai ka yi mata iya ƙoƙarinka." Bai iya ɗaga kai ba.

Ba wanda ya zarge shi, kuma wannan ne ya cinye shi. Ya ajiye sana'ar. Ya daina zuwa gidan ƙanwar, don ba ya iya jure godiyarta. Ya tsufa shi kaɗai da maganar da ba shi da wanda zai faɗa wa.

Ya 'yan uwa, wanda ya toshe ƙorafin iyayensa don ya huta, bai kawar da matsalar ba, kunnensa kawai ya rufe.

Allah ya kiyaye mu da ƙosawa da masu hakki a kanmu. Amin.