Zomon da Ya Ƙi Tuɓe Farar Riga

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

A can ƙarshen arewacin duniya, inda ƙanƙara kan rufe ƙasa wata da watanni, akwai wani Zomo mai son kwalliya. Riga biyu gare shi: fara ta lokacin sanyi, da mai ruwan ƙasa ta lokacin da ƙanƙara ta narke, don kada masu farauta su hango shi.

Da ƙanƙara ta narke, maƙwabciyarsa Fakara ta sake gashi, ta ce, "Malam Zomo, ba ka tuɓe farar nan ba? Mujiya fa tana shawagi."

Zomo ya shafa ƙirji ya ce, "In sa rigar taɓo kamar ke? Rami zan shiga, in duhu ya yi in fito kiwo."

Fakara ta ce, "To, Allah ya kawo duhun."

Ya shiga rami ya zauna jira. Ashe ya manta a ƙasar nan rana ba ta faɗuwa da bazara. Ya leƙo, rana. Ya yi barci ya farka, ya leƙo, rana. Da yunwa ta murɗe masa ciki, sai ya fito fari fat a kan baƙar ƙasa.

Bai gama tauna ganyen farko ba Mujiya ta sure shi. Yana reto a sama ya ce, "Ranki ya daɗe, ga Fakara can, ta fi ni ƙiba!"

Mujiya ta duba ƙasa ta ce, "Ina? Ni kai kaɗai nake gani."

Ƙurunƙus kan ɓeran ƙanƙara, ba don Gizo ba da na shara muku ƙarya.